Kyari Mai Yoyo da Hoton Sarjan

Shekara ashirin ke nan da muka kai yayana Kyari makwancinsa a Gure, a gindin tudun da ke kallon hanyar Bune. Ni ne ƙanensa Gana, wanda mutanen garinmu ke ce wa Gana mai gishiri, wai don ba na iya ba da labari ban barbaɗa masa kaɗan ba. Ban musa ba. Na taɓa gaya wa wani baƙo cewa sauron Gidigir sai da akala ake jan sa, ya kuma yarda. Amma yau na bar ƙoƙon gishirina a gida, ko in ce na rage shi rabi, domin mamaci ba a yi masa ƙari.

Abin da ya tayar mini da tsohon miki shi ne, makon jiya na je Damagaram na tarar an rataye tsofaffin hotunan ƙasar nan a wani babban zaure, kowa ya shiga ya kalla kyauta. Ni kuwa in aka ce kyauta, ko bulala ake rabawa sai na tsaya na ji ta wa ta fi tsawo. Na shiga tare da Mamadu, ɗan yayarmu Fanna, direban kamiyo, babbar motar kaya, ƙaton da in ya zauna a gaban mota sai bayanta ya ɗaga. Muna zagayawa ina yi wa mutanen cikin hotuna ba'a, sai na yi kiciɓis da wani a lungu, can ƙasa kusa da ƙofa. Wani sarjan ne a zaune, da jar hula da lambobi a ƙirji, a saman kansa kuma ga wani farin tabo kamar an zubar da nono. Bakina ya mutu nan take. Mamadu ya ɗauka hawan jini ne, don tun da aka haife shi bai taɓa ganin na yi shiru ba in ba ina salla ba.

Yaya Kyari ne ya ɗauki wannan hoto, a shekarun da suka gabaci babban yaƙin Turawa na biyu. Asalinsa tela ne a kasuwar Gure. Wani ma'aikacin biro, wato ofishin Turawa, mutumin bakin teku, da aka sauya masa wurin aiki, shi ya bar masa akwatin hoto ya kuma koya masa. Yaran yanzu da ke rataya ɗan abin ɗaukar hoto a wuya ba za su gane ba. Akwati ne sosai, mai ƙafa uku, da baƙin ƙyalle da mai hoto ke cusa kansa a ciki, da ido ɗaya a gaba mai murfi kamar hular jariri. A cikinsa ake wanke takarda. Takardar farko a juye take fitowa, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Sai an sake ɗaukar hoton ita wannan takardar sannan mutum ya fito da kamanninsa.

Yaya mutum ne marar magana, kamar Allah ya kwashe rabonsa na surutu ya zuba mini. Amma a kan aikinsa yana da fahariya. Ba ya ɗaukar mutum rana na bayansa. Ba ya ɗaukar yaro yana tsaye a kansa kamar mai karɓar haraji, sai ya sauke akwatin daidai idon yaron. In mutum ya ƙame ya zare ido, sai ya tambaye shi lafiyar awakinsa har fuskar ta saki, yana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da ya fi nanatawa kuwa shi ne, kafin ka kalli mutum, ka kalli abin da ke bayansa. Ya ce rabin hotunan da suka lalace a duniya, ba mutumin ne ya ɓata su ba, turmi ne ko jaki ko wani ɗan leƙe da ya tsiro masa a ka.

A shekarar da nake magana, fara ta riga ta share gonaki, mutane na lallaɓa rai. Sai bariki, wato hukumar Turawa, ta ce tana son raƙuma na ɗaukar kaya zuwa arewa. Da farko mazan raƙuma aka kwasa. Da suka ƙare, aka koma kan duk abin da ke da tozo. Raƙumin da ya tafi wannan tafiya, in ka sake ganinsa to a mafarki ne.

Yayarmu Fanna tana ƙauyen Alakos, mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara da taguwa ɗaya, wato macen raƙumi. Farar taguwa ce, kunnen hagu a tsage, da shaidar wuta a wuya ta dangin mijin, wadda kowane makiyayi daga Bune zuwa Gidigir ya sani. Nononta ne abincin yaran safe da yamma, babu wani abu bayansa. Mamadu a lokacin bai fi ƙullin goro ba, an yaye shi ba shiri, cikinsa ba ya karɓar komai sai wannan nonon.

Da sunan taguwar ya iso bariki, Yaya ne ya je a madadin Fanna ya tsaya gaban Sarjan, shugaban gardawa, dogaran bariki, ya ce taguwar ta mutu a hanya, ungulaye sun gama da ita. Ba zan faɗi sunan Sarjan ba, jikokinsa maƙwabtana ne kuma suna ba ni aron tsani. Ku dai sani mutum ne da in ya ratsa kasuwa, har kaji sukan rage murya. Wanda ya yi wa bariki ƙarya a wancan zamani, kaso ne, wato kurkuku, da bulala, daga nan a tura shi aikin hanya inda ba kowa ke dawowa da ƙafarsa ba.

To ina za a ɓoye raƙumi? Gardawa sun tsare rijiyoyin daji, dabba kuwa dole ta sha ruwa. Sai Yaya ya ce a kawo ta gidansa, cikin gari, a hancin bariki, inda ba wanda zai yi tunanin nema. Ya Fanna ta kawo ta da kanta, Mamadu a goye, aka gurfanar da ita a bayan zana, aka ɗaure mata gwiwa ɗaya kamar yadda makiyaya ke yi wa dabba mai hankali. Shirin shi ne ta zauna har ranar kasuwa, a shafe ta da toka da laka, ta fita cikin ayarin masu komawa ƙauye. Matsalar ita ce gidan ƙarami ne. Zanar da ta ɓoye taguwar daga ciki, ita ce ta waje Yaya ke jingina ƙyalle yana zaunar da masu ɗaukar hoto. Akwai 'yar rumfa a wurin da yake shimfiɗa wa tabarma don inuwa, amma tabarmar mun cire ta mun toshe ɓarakar zana da ita.

Rannan rana ta kusa tsaka na dawo daga daji da damin ɗanyen kandili a ka, ƙayar nan da raƙumi ke so fiye da yadda nake son kilishi. Taguwar ta gaji da busasshen kara, nononta ya fara ja baya. Ina sauke damin a ƙofar gida, sai ga Sarjan, kaki ya sha guga, bulalar fatar dorina a hannu.

"Mai hoto, fito da akwatinka," in ji shi. "Bature Kumandan zai rataye hotuna a barandar bariki ran kasuwa, kowa ya zo ya kalla. Nawa ne zai zauna a tsakiya."

Yaya ya ce, "Sarjan, rana ta take. Hoton tsakar rana, idon mutum rami yake fitowa. Da ka bari sai la'asar."

"Da la'asar ina hanyar Alakos. Akwai wata taguwa da aka ce ta mutu, zan je in yi wa ƙasusuwanta gaisuwa." Sai ya sa bakin bulala ya zunguri damina. "Wannan fa? Tela ya fara kiwo ne?"

Yaya ne ya amsa, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Na inuwa ne. Ɗanyen ganye ya fi tabarma tace haske. Gana, ɗora shi a rumfa."

Haka na ɗauki abincin ranar taguwa da hannuna na shimfiɗa shi a saman inda Sarjan zai zauna, jikin zana. Ba mu da wani wurin ɗaukar hoto ban da wannan.

Sarjan ya zauna a kujera, bayansa na kallon zana, ya ɗora bulala a cinya. Yaya ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Ni ina gefe, fuskata na kallon abin da Sarjan ba ya gani. Sai na ji wani nishi daga cikin gida, na kuma ga zana ta girgiza. Mu 'yan gari mun manta abin da kowane yaron makiyayi ya sani, cewa raƙumi in ya so yakan miƙe da ƙafa uku. A hankali farin kai ya ɓullo, sai tsagaggen kunne, sai wuya, yana ta fitowa kamar ba zai ƙare ba, har shaidar wutar ta bayyana sarai a saman jar hular Sarjan. Ta miƙa leɓe ta ja reshe.

Daga baya Yaya ya gaya mini cewa a gilashin cikin akwati duniya a kife take, don haka shi abin da ya gani shi ne wuya yana tsirowa ƙasa daga kan Sarjan kamar saiwa. Amma muryar da ta fito daga cikin ƙyalle ba ta yi rawa ba.

"Sarjan, kada ka motsa. Kada ka waiwaya. Wanda ya motsa a gaban akwati, fuska biyu yake fitowa da ita, kuma haka za a rataye shi."

A duk ƙasar Gure ba mai iya ce wa wannan mutum kada ka motsa, sai mai hoto. Ya ƙame kamar turke.

Saura ƙara. Raƙumi ba ya cin abinci a asirce. Nan ne Allah ya nuna mini dalilin da ya halicce ni da wannan baki. Na fara yi wa Sarjan kirari da iyakar muryata. Na ce shi ne ya kori zaki da tari. Na ce ranar da aka haife shi ungozoma ce ta fara sara masa. Na ce takalminsa ɗaya ya isa a yi wa mutum uku jirgin ƙetare tafki. Taguwa ta yi gurnani daga can cikin maƙogwaro. Girar Sarjan ta ɗaga.

"Cikina ne, ranka ya daɗe," na ce. "Wake na ci na jiya."

Ganye ya fara zubo masa a kafaɗa. Inuwar da ke fuskarsa ta fara ɓulewa, rana na leƙowa. Na ce iska ce, alhali ranar ko gashin kaza ka saki a tsaye zai faɗo. Ina jin motsin Ya Fanna a bayan zana tana ƙoƙarin jan igiya, dabba kuwa ta sami ɗanye, ta ƙi. Yaya yana ta murɗa idon akwati yana ja da akwati gaba da baya, yana sayen lokaci.

"Kai tela," in ji Sarjan ta tsakanin haƙora, "wuyana ya ƙage. Ka buɗe, ko in tashi."

In ya tashi zai juya. Yaya ya fito da kansa daga ƙyalle, gumi har gemu, ya ɗora hannu a murfi ya cire. Wallahi, a nan ba gishiri, taguwar nan ta daina tauna ta ƙura wa akwati ido, reshe a bakinta. Ta fi Sarjan iya zaman hoto.

Ya mayar da murfi ya ce, "Saura ɗaya. Manya sau biyu ake ɗaukarsu." Babu wata takarda ta biyu a akwatin. Takarda daga nesa take zuwa, abin da ya rage masa sai wadda za a juya hoton a kanta. Ya dai ci gaba da wasa da akwati wofi har Ya Fanna ta miƙa wa taguwar dunƙulen kanwa a tafin hannu, kan ya sauka, ta ɗaure bakin da kallabinta. Da Sarjan ya miƙe ya juya, ba abin da ya gani sai zana da rumfa mai ɓarakar ganye. Ya daɗe yana kallon rumfar. Sannan ya kakkaɓe kafaɗarsa ya ce a kai masa hoto bariki ran kasuwa da safe.

Da la'asar muka duba takardar farko. Ga ta nan, kunne da shaida da komai, ko mijin Fanna da ya dawo duniya zai gane ta. Na ce mu ƙone, mu ce hoto ya mutu. Yaya ya ce a'a. In babu hoto, Sarjan ba shi da abin yi a baranda ran kasuwa, a bakin hanyar fita gari zai tsaya yana duba wuyan raƙuma. Dole a ba shi abin da zai tsaya kallo.

Ya ɗauko tawadar allo da alƙalamin kara. Tunda a takardar farko fari baƙi ne, taguwa baƙa ta fito, sama ma baƙa-baƙa. Ya bi ta da tawada a hankali har ta nutse. Da aka juya hoton, sai ga farin tabo a inda take. Abu ɗaya ya gagara: ƙarshen reshen da ke bakinta ya sauko har ya taɓa tuntun hular Sarjan. In ya shafe shi, ya shafe hula. Ya bar shi, ɗan reshe a tsaye a sarari, ba itace ba hannu.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ran kasuwa duk Gure ta taru a barandar bariki, domin yawancin mutane ba su taɓa ganin hotuna da yawa haka a jere ba. Gardawa duka suna wurin, kowa na neman fuskarsa. An rataye na Sarjan a tsakiya kamar yadda ya so. A daidai wannan lokaci Ya Fanna na kwance gwiwar taguwa a gida, Mamadu a bayanta. Abin da take bukata shi ne a riƙe mata idanun nan har ta wuce tudu.

Kumandan ya fito da tafintansa. Shi ma yana taɓa ɗaukar hoto, don haka ya tsaya a gaban na Sarjan ya kai hancinsa kusa. Wani tsohon makiyayi a cikin taro ya dubi reshen nan, ya dubi Yaya, ya ci gaba da taunar goronsa. Kumandan ya ɗora yatsa a kan tabon ya yi magana. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, mene ne wannan?"

Na buɗe baki na fara cewa hasken girma ne, irin wanda ke sauka a kan manyan maza. Yaya ya taka mini ƙafa har sai da na ga taurari. Ya fi ni hangen nesa. Hoton da aka yaba shi ake ƙura wa ido, a bar shi a bango wata da watanni har wani ya tambayi abin da ke riƙe da reshe. Hoton da ya lalace kuwa ba mai kallonsa sau biyu.

"Ranka ya daɗe, akwatina ne ke yoyo," in ji Yaya. "Haske ya shiga. Ban iya toshe shi ba. Laifina ne."

Ya faɗe shi da ƙarfi, a gaban garin da ya san shi da cewa hotonsa ba ya kuskure. Bai tsaya nan ba, ya shiga bayani dalla-dalla, mutumin da ba ya haɗa jimla uku a yini, yana nuna inda katako ya tsage da inda ƙyalle ya ɓule, tafinta na juyawa, lokaci na tafiya. Kumandan ya yi dariya ya ce wani abu. Tafinta ya ce, "Ya ce tela ya koma wa allurarsa." Taro ya fashe. Sarjan, da aka yi dariya a gaban hotonsa, ya ɗaga bulalar dorina ya sauke wa Yaya a kafaɗa. Tabon bulalar na nan har ranar da na wanke gawarsa. Aka cire hoton aka jefa a aljihun tebur, ina jin shi ya sa ya rayu har ya iso Damagaram. Kafin azahar, wata taguwa mai launin toka ta bi ayarin Alakos, ba wanda ya tambaye ta sunanta.

Daga ranar ba wani ma'aikacin bariki da ya sake zama a gaban akwatinsa, 'yan gari ma suka ja baya. Aka laƙa masa Kyari mai yoyo. Yara na rera shi a hanya. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba muddin Sarjan na numfashi, ni da ba na iya kai sirri daga zaure zuwa tsakar gida. Sarjan kuwa ya yi tsawon rai kamar gawo, sai bara ya tafi. Na taɓa tambayar Yaya ko sunan ba ya yi masa ciwo. Yana ɗinki bai ɗago ba ya ce, "Yana yi. Yaron Fanna ya fara tafiya?"

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Yanzu a Damagaram akwai ɗakunan hoto da aka zana jirgin sama a bango, mutumin da bai taɓa hawa jaki ba ya fito yana tuƙi. Ina jin wannan zai ba shi dariya, don ya san bayan mutum ma ana ɗinka shi kamar riga. Samari masu ɗan akwati a wuya kuwa, da suke harbi kamar masu korar tsuntsu a gona, zai kama hannun ɗayansu ya ce ya tsaya, ya juya wa rana baya, ya riƙe numfashi, ya dubi kusurwa huɗu kafin ya dubi tsakiya. Zauren kyauta zai yi masa daɗi ƙwarai, musamman da ba gardi a ƙofa. Abin da ban sani ba shi ne ko zai so a ce hotonsa ɗaya tilo da ya kai bango shi ne wanda ya ɓata da hannunsa. Kyawawan duk sun tafi, gara ta ci wasu, damina ta ci wasu. Akwatin ma matarsa ta mayar da shi wurin ajiye albasa.

Ina tsaye a lungun nan ina wannan tunani, Mamadu ya sunkuyo da wannan ƙaton wuya nasa ya dubi hoton. Ya ce, "Kawu, wane marar hannu ne ya ɓata wannan?"

Na kama yatsansa, wanda ya kai kaurin taɓarya, na kai shi daidai ɗan reshen da ke saman jar hula. Na ce ya duba da kyau, reshe ba ya tsayawa a sama shi kaɗai, akwai baki a ƙarshensa. Ya duba, ya sake dubawa. Na ce, "Cire hularka ka gaishe ta. Nononta ne wannan jikin da kake wahalar da kamiyo da shi. Marar hannun kuwa kawunka Kyari ne, Allah ya jiƙansa."

Ya cire hular. Muka daɗe a wurin, mu biyu, muna kallon farin tabo, har masu wucewa suka fara tsayawa a bayanmu suna leƙen abin da muka gani.